Yadda ake jinyar mai shanyewar ɓarin jiki har ya koma harkokinsa

Ranar da aka sallamo mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti mutane da yawa suna ɗauka shikenan an gama, saura a shimfiɗa masa katifa a ɗaki a riƙa kai masa abinci ana yi masa sannu. Toh gaskiya ranar ce ma aikin ya fara. Asibiti sun tsayar da ɓarnar ne, amma dawo da hannu da ƙafa da baki aiki ne na watanni, kuma mafi yawansa shi mara lafiyan ne zai yi da jikinsa, naku taimako ne da tsaro. Ina cewa "shi" ne don sauƙin rubutu, mace da namiji duk ɗaya ne.

Ku fara gane abinda ya faru, don shi zai sa sauran bayanin ya zauna. Matsalar ba a hannun take ba, ba a ƙafar take ba, a ƙwaƙwalwa take. Jini ne ya daina isa wani sashe, ko dai jijiya ta toshe da gudan jini, wanda shi ne kusan kashi 85 cikin 100, ko kuma ta fashe jini ya zuba. Sashen da ya mutu baya dawowa, amma ƙwaƙwalwa tana iya koya wa sassan da suka rage aikin da wancan yake yi, kuma ba ta koyo sai da maimaici. Kamar hanyar ƙafa ce a cikin ciyawa, sai an yi ta bi take fitowa, in aka daina bi ta rufe. Shi yasa tausa kaɗai ba ta isa, ko shekara za a yi ana murza hannun in shi mai hannun baya ƙoƙarin motsa shi da kansa ba a koya wa ƙwaƙwalwar komai ba. Wata 3 na farko su ne lokacin da sauƙi yafi sauri, yana ci gaba sosai har wata 6, bayan nan yana rage gudu amma baya tsayawa, akwai masu samun ci gaba bayan shekaru. Don haka kar a ce bari ya huta tukuna sai ya ji ƙarfi, wannan jiran shi ke cinye watannin da suka fi daraja.

Mataki na 1: kar ku bar asibiti da duhun kai

Ku samu likita ku tambaye shi kai tsaye, toshewa ce ko fashewa? Me ya jawo ta? Maganin kowanne daban ne, kuma duk likitan da zaku gani nan gaba wannan zai fara tambaya. Ku karɓi sakamakon sikanin, wato hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka, a rubuta muku sunan kowane magani da amfaninsa da lokacin shansa, a faɗa muku ranar dawowa. Sannan ku roƙi likitan fisiyo, wato mai koyar da motsa jiki, ya nuna muku da hannunsa yadda ake juya shi da yadda ake tada shi daga gado zuwa kujera, ku ma ku gwada a gabansa ya gyara muku, in ya yarda ku ɗauki bidiyo a waya don wallahi ana isa gida rabin abin yake ɓacewa.

Mataki na 2: haɗiya kafin komai

Wannan shi ne abinda yake kashe mutane shiru bayan sun tsallake ciwon kansa. Kusan rabin masu wannan lalura suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko, abinci ko ruwa ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu ya zama nimoniya. Kuma abin mamaki ruwa tsinkakke shi yafi wuyar haɗiya, saboda yana gudu kafin maƙogwaro ya shirya. Kar a ba shi komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa a asibiti. In sun ce sai da robar hanci da ake ba da abinci ta cikinta toh a yarda, ba alamar ƙarshe bace, da yawa ana cirewa bayan ƴan makonni.

In an yarda ya ci, a zaunar da shi tsaye sosai, ba a kishingiɗe ba, kai kar ya langaɓe baya. Abinci mai laushi mai ɗan kauri, ƙaramin cokali, sai ya haɗiye na farko a ba shi na biyu, kuma ba hira ba talabijin lokacin cin. Bayan ya gama a duba kumatun gefen da ya shanye don abinci yana maƙalewa a wurin bai sani ba, a wanke baki da buroshi, ya zauna kamar minti 30 kafin ya kwanta. In kun ga yana tari ko ƙwarewa duk lokacin cin abinci, ko muryarsa ta koma kamar akwai ruwa a wuya, ko zazzaɓi ya taso da numfashi sama-sama, a koma asibiti a ranar.

Mataki na 3: kwanciya, fata, da kafaɗa

Wanda baya iya juyawa da kansa a juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya zai fito a ƙugu da mazaunai da dunduniya, kuma gyambon nan in ya buɗe yana iya ɗaukar watanni. Kullum a duba wuraren, in an ga ja wanda baya washewa ko an danna, a ɗauke nauyi daga kansa. Zanin gado ya zama busasshe ba tattara. A sa filo tsakanin gwiwoyi in yana kwance ta gefe, a sa wani ƙarƙashin hannun da ya shanye. Kuma ba laifi ya kwanta ta gefen da ya shanye, in dai an jawo kafaɗar gaba a hankali ba a danne ta ba.

Kafaɗar nan dan Allah ku kula da ita. Tsokar da ke riƙe ta ta saki, nauyin hannun kaɗai yana iya zame ta daga gurbinta, toh balle a ce an kama hannun an ja shi don a tada mutum, ko an sa hannu a hammata an ɗaga. Ja ɗaya yana iya jawo ciwon kafaɗa na watanni wanda zai hana shi atisaye gaba ɗaya. In yana zaune hannun ya kasance kan filo ko kan tebur, kar a bar shi yana lilo. Duk mai zuwa taimako a faɗa masa wannan tun daga ƙofa.

Mataki na 4: motsi, daga gado zuwa tafiya

Nan ne zan daɗe. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila a 2023 ta ba da shawarar atisayen farfaɗowa na aƙalla awa 3 a rana, kwana 5 a sati, ga wanda zai iya ɗauka. Ba kowa ke da halin ganin fisiyo haka ba, amma ku ɗauki ma'anar: zuwa fisiyo sau ɗaya a sati a dawo a kwanta sauran kwana 6 ba zai kai mutum ko'ina ba. Fisiyo shi ke tsara abinda za a yi ya kuma gyara, gida ne wurin maimaici. A rarraba shi minti 10 ko 15 sau da yawa a wuni, ya fi a haɗa awa guda a galabaitar da shi.

In hannu ko ƙafa basa motsi sam, ku ne zaku riƙa motsa kowace gaɓa a hankali, yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu, gwiwa, idon sawu, kamar sau 10 kowacce, sau 2 ko 3 a rana, don kar su sandare. Kar a ɗaga hannu sama da tsayin kafaɗar sai fisiyo ya nuna yadda ake yi, kuma in ya ce da zafi a tsaya. Amma ga sirrin: lokacin da kuke motsa masa, ya kalli hannun, ya yi niyyar shi ne ke motsawa, ya yi ƙoƙari ko da ba abinda ya fito. Wannan ƙoƙarin shi ne darasin.

Daga nan sai zama a bakin gado ƙafafu a ƙasa, har ya iya zama ba jingina, ya miƙa hannu ya ɗauko kofi a gaba da gefe ba tare da ya kife ba. Sai tashi tsaye, kuma akwai yadda ake yi: ya matso bakin kujera, ƙafafu su dawo baya ƙarƙashin gwiwa, ya sunkuyo gaba har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ya miƙe yana raba nauyi a kan ƙafafu biyu. Zaku ga yana son jibge komai kan lafiyayyar ƙafar, ku riƙa tuna masa. Mai taimako ya tsaya ta gefen da ya shanye ya riƙe ƙugu, ba hannu ba. Tashi da zama daga kujera, in ana yinsa kullum ana ƙara adadi, yana cikin atisayen da suka fi komai amfani kuma baya buƙatar kayan aiki ko ɗaya. In za a koma daga gado zuwa keken marasa lafiya a ajiye keken ta gefen lafiya, a danne birki.

Tafiya kuma sanda tana hannun lafiya. Takalmi mai rufe dunduniya wanda baya santsi, ba silifas ba. In yatsun ƙafar suna jan ƙasa akwai takalmin roba da ake sawa ya riƙe idon sawu, ku tambayi fisiyo, yana hana faɗuwa sosai. A matakala lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, in za a sauko kuma wadda ta shanye ce ke fara sauka.

Hannu yafi ƙafa jinkiri a wurin yawancin mutane, kuma dalili ɗaya shi ne ƙafa dole a taka ta, hannu kuwa ana iya mantawa da shi a yi komai da ɗayan, sai ƙwaƙwalwa ta koyi cewa babu shi. Kar a bari haka ta faru. Ya riƙa sa shi cikin aiki ko da danne takarda ne ko riƙe kwalba yana buɗewa da ɗayan, goge tebur da tawul, juya shafin littafi, tsintar murfin kwalba yana zubawa a kwano. Ga wanda yatsunsa da wuyan hannunsa sun fara motsi, akwai tsarin da ake sa wa lafiyayyen hannun safa na wasu awanni don a tilasta amfani da mai raunin, amma da sanin fisiyo ake yi. Akwai kuma na madubi, a ajiye madubi a tsakiya ya ɓoye hannun da ya shanye, yana motsa lafiyayyen yana kallonsa a madubi kamar ɗayan ne ke motsi. In hannun ya fara ƙanƙamewa yana naɗewa a ƙirji, yatsu sun dunƙule, a riƙa miƙar da shi a hankali ana riƙewa, ba fizga ba, kuma a faɗa wa likita don akwai magani da allurar da ke sassauta shi.

Mataki na 5: ku bar shi ya yi da kansa

Wannan shi yafi yi wa iyali wuya. Kana kallon mahaifinka yana fama da maɓallin riga minti 5, zuciyarka ba zata jure ba, sai ka karɓa ka sa masa. Na fahimta, amma duk abinda ka karɓe ka yi masa ka ɗauke masa atisayen ranar ne. Ƙa'idar ita ce duk abinda zai iya ko da rabi ne ya yi rabin, kai ka ƙarasa.

Wurin sa riga hannun da ya shanye ne ke fara shiga, wurin cirewa shi ne na ƙarshen fita, wando ma haka, kuma a zaune ake yi. Kaya masu faɗi marasa maɓalli da yawa. Wanka a kan kujera, a sa abin riƙewa a bango da tabarmar roba mara santsi, kuma a gwada zafin ruwa da lafiyayyen hannu, don gefen da ya shanye sau da yawa baya jin zafi, mutum zai ƙone bai sani ba. Saboda haka ma a yi hattara da duk wani gashi da abu mai zafi. A kwashe wayoyin wuta da ƙananan kafet daga hanya, a bar fitila tsakanin gado da banɗaki da dare. In fitsari yana kufce masa a riƙa kai shi banɗaki duk awa 2 ko 3 ko bai ce yana ji ba, kuma kar a rage masa ruwa saboda wannan, kar kuma a yi masa faɗa, kunyar da yake ji ta ishe shi.

Wani abu da ke ruɗa mutane, musamman in gefen hagu ne ya shanye: sai ku ga ya ci rabin faranti ya bar na hagu, ko yana buge ƙofa da kafaɗar hagu, ko ya aske rabin fuska. Ba ganganci bane, ƙwaƙwalwar ce ta daina lura da wannan ɓangaren. Ku riƙa zama ta gefen kuna masa magana, kuna tuna masa ya juya kai ya duba.

Mataki na 6: magana

Kusan mutum 1 cikin 3 suna samun matsalar harshe, yawanci waɗanda gefen dama ya shanye. Wani ya san abinda yake son faɗa kalmar ce ta ƙi zuwa, wani yana magana tiryan-tiryan amma ba ma'ana, wani kuma fahimtar ce ta yi masa wuya. Hankalinsa yana nan. Kar a yi masa tsawa don ba kurma bane, kar a yi masa maganar yara, kar kuma a zauna a kansa ana zancensa kamar baya wurin, yana ji kuma yana masa ciwo. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, gajerun jimloli, a ba shi lokaci kar a yi saurin ƙarasa masa. A yi amfani da hotuna da nuni da rubutu. Wasu da basa iya haɗa jimla suna iya rera abinda suka haddace tun da, ko ƙirga, toh a fara daga nan. In da halin ganin likitan koyar da magana a je, su ne kuma masu duba haɗiya.

Mataki na 7: zuciya da gajiya

Kusan kashi ɗaya cikin uku suna kamuwa da ciwon damuwa bayan wannan lalura, kuma shi ke sa mutum ya ƙi atisaye ya ƙi abinci ya juya fuska bango. Ba raki bane ba kuma rashin haƙuri bane, ciwo ne mai magani. In ya wuce sati 2 a haka a faɗa wa likita, in kuwa ya fara zancen gara ya mutu ba a jira ko kwana ɗaya. Akwai kuma kuka ko dariya da ke ɓarkewa ba dalili, shi ma daga ƙwaƙwalwa ne. Gajiya ita ma gaskiya ce, irin wadda barci baya kore ta, don haka a sa atisaye mai wuya lokacin da yafi kuzari, a bar masa hutu a tsakani, masu dubiya kuma su taƙaita. Ku ajiye littafi kuna rubuta abinda ya iya duk sati, ko ku ɗauki bidiyo, don ci gaban a hankali yake zuwa har shi kansa baya gani sai an nuna masa na watan jiya.

Kai mai jinya kai ma mutum ne. A raba aikin, a yi karɓa-karɓa musamman juyin dare, mutum ɗaya ba zai iya ba.

Mataki na 8: kar ta dawo

Wanda ta taɓa samu yana cikin haɗarin ta sake dawowa, musamman a makonni da watannin farko, kuma babban mai jawo ta hawan jini ne. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, hawan jini baya ciwo, lambar ta sauka ne saboda maganin. A samu na'urar awo a gida, ya zauna minti 5 kafin a auna, a lafiyayyen hannu, a rubuta. Ga yawancin mutane abinda ake nema ƙasa da 130/80 ne, amma likitansa ne zai yanke. In toshewa ce galibi za a ba shi asfirin ko clopidogrel da maganin rage kolastarol irin atorvastatin. In kuma an gano bugun zuciyarsa baya tafiya daidai, wanda ke ninka haɗarin kusan sau 5, toh maganin tsinka jini mai ƙarfi ake bayarwa irin warfarin ko apixaban. Mai shan waɗannan kar ya sha ibuprofen ko diclofenac da kansa, suna iya jawo zubar jini, haka duk wani haɗi da aka ce yana warkar da shanyewa, a nuna wa likita tukuna. Gishiri ƙasa da giram 5 a rana inji Hukumar Lafiya ta Duniya, wato bai kai cikin ƙaramin cokali ba, har da wanda ke ɓoye a abincin gwangwani da sinadaran ɗanɗano. Taba a bar ta kwata-kwata, giya ma haka, ciwon suga a riƙa kula da shi, mai sikila kuma ya zauna kusa da likitan jininsa.

Mataki na 9: aiki, tuƙi, da iyali

Komawa aiki a fara da rabin wuni ko kwana 2 a sati, a ga yadda gajiya da mantuwa zasu yi, sannan a ƙara. Tuƙi ba a komawa sai likita ya duba gani da saurin tunani, kuma kowace ƙasa da dokarta, a Ingila misali mai ƙaramar mota sai ya yi aƙalla wata 1, direban bas ko babbar mota shekara 1. Wanda ya samu jijjiga irin ta farfaɗiya bayan ciwon nasa hukuncin daban ne. Zancen kwanciyar aure kuma mutane suna jin nauyin tambaya, ga yawancinsu ba haɗari in hawan jini ya daidaita, in akwai rauni a tambayi likita kar a sayi maganin ƙarfi a sha. Kuma a riƙa fita da shi cikin mutane ko a keke ne, zaman ɗaki shi kaɗai yana mayar da hannun agogo baya.

Alamomin da ba a jira

Kowa a gidan har yara ya san su: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki farat ɗaya, magana ta harɗe, gani ya ɗauke, jiri mai kayarwa, ko ciwon kai mai tsanani da bai taɓa jin irinsa ba. Ko da abin ya washe bayan minti 10 a tafi, wannan gargaɗi ne. A duba agogo a riƙe lokacin da aka ganshi lafiya na ƙarshe, don allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yinta. Kar a ba shi ruwa ko abinci, kar a ba shi asfirin don in fashewa ce zai ƙara zubar jinin, a kwantar da shi ta gefe in yana amai ko hankalinsa ya gushe, a nufi asibitin da ke da na'urar sikanin kai da takardar magungunansa a hannu. Haka in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yanke masa kwatsam da ciwon ƙirji, wannan gudan jini ne a jijiyar ƙafa ko huhu, shi ma na gaggawa ne.